Ranar da Mma Ta Kwance wa Baƙona Kaya

Da Babbar Sallar bara muna zaune a falon nan na Erdington na ji Yusufu yana ba surukansa labarina. Wai babansu direban bas ne kawai, amma ya hango abin da masu digiri ba su hango ba: ya sayi gida a bakin teku lokacin da ake raina wurin, ya sayar lokacin da ake rububinsa, da haka muka mallaki gidan da muke ciki. Surukai suna ta gyaɗa kai suna masha Allah, ni kuwa na duƙufa kan naman da ke gabana kamar ban taɓa ganin nama ba. Yusufu, ba ƙarya ka yi ba, abin da aka ba ka shi ka bayar. Sai dai rabi aka ba ka. Kai da Hadiza da Jamila ku nemi wuri ku zauna ku karanta sauran, don na gaji da yabon da in ya shiga kunnena abinci ke fita raina.

Sai na fara da gidanmu na Kumasi, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Mahaifina maigida ne a zango, kuma a can maigida ba mai karɓar haya ba ne. Shi ne wanda fatake ke sauka wurinsa, masu goro da masu shanu daga arewa. Ya ba su ɗaki, ya ba su tuwo, ya tsaya musu a kasuwa, in sun kwanta ciwo ya kai su asibiti, in sun mutu ya binne su. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin rufinka baƙonka ne, ko da furfura ta same shi a nan. Mma, kakarku, tana da nata aikin a ciki. Kafin baƙo ya gama gaisawa da maza a zaure ta tasa mu gaba mun share ɗakin, ta kwance masa kaya, ta rataye riguna a igiya, ta ajiye buta a bakin ƙofa. Takan ce muddin kayan mutum suna ɗaure ba zai yi barci mai nauyi ba. A wannan gida na tashi, sannan na zo Manchester na zama ɗan haya a hawa na sama na wani dogon gini a Salford, ɗaki biyu, bango yana tsatsafar ruwa duk hunturu.

Bas nake tuƙawa a Oxford Road, daga safe zuwa yamma ɗalibai ne da ma'aikatan asibiti. Cikinsu akwai Malam Nura, ɗan Zariya, yana digiri na uku kan tattalin arziki. A masallaci muka saba, daga nan ya mai da gefen kujerata majalisarsa, duk da an rubuta ƙarara kada a yi wa direba magana. Wata rana muna tsaye a danja ya ce da ni:

"Malam Ɗanlami, kai da kake zuba rent wata-wata, ka san a ƙasar nan akwai inda ake sayar da gida a kuɗin tsohuwar mota?"

Na ce, "Gidan kaji ko na mutane?"

Ya ce na mutane ne, da bene har da ɗan fili a baya. Wata gunduma ce a bakin teku, can arewa maso gabas, inda da ake haƙar kwal ana narka ƙarfe. An rufe ramukan kwal, an kashe wutar masana'antar, samari sun watse, layi guda sai ka ga rabin tagoginsa an toshe da katako. Amma tashar jiragen ruwansu mai zurfi ce, kuma ana ta maganar za a kafa kamfanin ƙera manyan fankokin nan da ake dasawa cikin teku don samar da lantarki. Ya ce in aiki ya dawo mutane za su dawo, in sun dawo kuwa dole su kwana a wani wuri. Shi dai bai sayi ko tubali ba, don kuɗin karatunsa ma sai an yi ta waya gida kafin su iso. Ni da na ji shi da kunnen direba, ni na je na haɗa abin da na tara da adashin mahaifiyarku Rabi na saya. To kun ji inda hangen nesan ya fito, aro na yi.

Gidan yana cikin jerin gidajen jan bulo masu manne da juna, kuma da ɗan haya a ciki, wani tsoho mai suna Mista Dennis. Sau ɗaya na ga gidan, daga waje, ana ruwa, ban ko ƙwanƙwasa ba. Ejan, wato dillalin gidaje, shi ke karɓar haya yana turo mini. Amma a daren da aka ce ya zama nawa, na kira Kumasi ina ji da kaina.

"Mma, na zama maigida."

Ta rangaɗa guɗa har sai da na janye wayar daga kunne. Ta ce, "Da baƙo a ciki?"

"Da baƙo. Tsoho ne, Bature."

"Allahu akbar! Bature a gidan ɗana. Ka riƙe shi da kyau, Ɗanlami, tsoho ba shi da ƙarfin yawo."

Na ce to. Ban tsaya yi mata bayanin cewa kalma ɗaya ce amma aikin daban ba, don daɗin guɗar bai sake ni ba. Shekaru suka yi ta tafiya. Maganar kamfanin fanka ta taso ta kwanta, ta sake tasowa gab da zaɓe ta sake kwantawa. Malam Nura ya gama ya koma Zariya ya bar ni da gidan. Rabi ta sa masa suna gidan kifaye, in mun yi faɗa takan ce in kwashe ta in kai ta can ta huta.

Sai ga shekarar da aka haifi Jamila, komai ya zo lokaci guda. Kamfanin ya tabbata, an fara gini, ma'aikata suna kwarara daga ko'ina suna neman ɗaki. A gida kuwa ƙirjin Yusufu ya ƙi daɗi, tari dare da rana, likita ya ce danshin bangon nan ne. Hadiza ta fara zama budurwa tana ɗaki ɗaya da ƙaninta. Yayar Rabi, Hajiya Asabe, ta kira daga Birmingham ta ce gidan da ke kusa da nata a Erdington za a sayar, mu yi sauri. A makon ne ejan ya bugo mini, ya ce masu saye suna nan suna jira, su yanka gida ɗaki-ɗaki su zuba ma'aikata. Amma da tsohon a ciki yana biyan tsohuwar haya ba wanda zai taya da daraja, sai in babu kowa. Doka a lokacin ta yarda ka ba ɗan haya notis ko bai yi laifin komai ba. Ya turo takarda na sa hannu. Ina so in ce muku na kasa barci, amma ƙarya ne, na yi barcina har da minshari. Ban taɓa ganin fuskar mutumin ba, suna ne kawai a takarda.

A cikin wa'adin notis ɗin Mma ta iso, don mahaifiyar Rabi ta riga ta rasu tun da daɗewa, ita ta zo yi mata wankan jego. Ana gama suna ta ce in kai ta ta gaida baƙona. Na ce da nisa. Na ce da sanyi. Na ce ba a ba ni hutu ba.

Ta ce, "Na hau jirgi na ƙetaro teku, mota ce za ta gagare ni? A ce na zo ƙasar na koma ban gaida wanda ke gidan ɗana ba, da wane baki zan faɗa a zango?"

Ranar tafiya tun asuba ta dafa shinkafa da wake irin tamu ta Kumasi, ta cika kwalba da shito mai yaji. Rabi ta ja ni kicin tana raɗa.

"Ka gaya mata mana, kafin ku je."

"Ke ki gaya mata."

"Uwar wa? Ni da nake jego? Wallahi ba ruwana."

Ba wanda ya faɗa. Na riga na sa ejan ya sanar da tsohon cewa mai gida zai zo, don a nan ko gidanka ne ba ka faɗa wa ɗan haya kai tsaye. Muka hau hanya, muka tsallaka tsaunuka, ina ta shirya maganar a raina ina haɗiyewa. Da muka gangaro sai ga teku launin toka, ga dogayen bututun hayaƙi da suka daɗe da mutuwa, gefensu kuma sababbin rumfunan ƙarfe da fukafukan fanka a kwance, kowane ɗaya ya fi layinmu na Salford tsawo. A unguwar, gidajen da na bari da katako a taga an yi musu fenti, allon an sayar a nan, allon an sayar a can. Mma ta leƙa ta ce gari ba kowa a waje, ko rasuwa aka yi? Na ce haka suke zama.

Mista Dennis ya buɗe ƙofa. Dogo ne da ya ranƙwafa, manyan hannuwa duk tabon ƙuna. Ya ɗaura nakatayi saboda zuwanmu, wannan nakatayin har yau yana tsaya mini a rai. Bayansa kwalaye ne jere tun daga ƙofa har kicin, an naɗe su da salatif, bango kuma duk shacin wuraren da aka cire hotuna. Ya ɗauka dubawa na zo yi ko ya fara shiri.

Ya ce da Turanci, "Ina kan haɗawa, yaro. Ba zan ba ka wahala ba, ranar da aka ce zan fita."

Mma ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sannu da zuwa."

Ta jero masa gaisuwa, da gida, da sanyi, da ƙarfin jiki, ina juyawa yana amsawa da kai. Sai idonta ya sauka kan kwalayen. Ta bi su da kallo har kicin, ta ga kantar jera kwanuka babu ko kofi, ta juyo gare ni fuska a murtuke. Na ce a raina shi ke nan ta gane.

"Ɗanlami, shekara nawa mutumin nan a gidanka, kayansa a ɗaure? Ba shi da mace?"

"Ta rasu, Mma."

"'Ya'ya fa?"

"Ɗaya ce, tana wata ƙasa mai nisa." Wannan ma a bakin ejan na taɓa ji.

"To kai kana ina? Ka sauke tsoho a ɗaki ka tafi, ko kofin shan ruwa ba ka fito masa da shi ba? Haka ka ga ana yi a gidanku?"

A tunaninta tun ranar da na sayi gidan ya sauka, kuma tun ranar yake zaune cikin kwalaye don ba mai taya shi. Faɗa take yi mini kan ƙaramin laifi, ni kuwa na sunkuyar da kai na karɓa da hannu biyu, don ya fi mini sauƙi a kan na gaskiyar. Ta yaye mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta ce in miƙo mata makullin mota. Da shi ta tsaga salatif ɗin kwali na farko. Kofuna ne a naɗe da jarida. Ta warware ɗaya, ta goge da bakin zane, ta duba ta ga ƙugiya a ƙarƙashin kantar ta rataye. Ta ɗauko na biyu.

Mista Dennis ya tsaya baki buɗe yana kallonta. Ya dube ni, ya sake dubanta. Sai na ga fuskarsa ta saki, kamar ta mutumin da aka sauke wa buhu daga ka. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Me take yi? Ka canja shawara ne? Zan zauna?"

'Ya'yana, a nan ne. Kalma ɗaya ce, kuma tana bakina. Gidana ne, ba wanda zai hana ni in kira ejan in ce a janye. Na tuna tarin Yusufu, na tuna mai gidan Erdington da ya ce ba zai jira mu har abada ba, na tuna Rabi da jaririya a wannan hawa na sama. Ba zan ce muku waɗannan ba dalilai ba ne, dalilai ne. Amma na san ko a lokacin cewa ba su kaɗai ke bakina ba, har da kuɗin da ejan ya ambata, wanda ban taɓa riƙe irinsa ba.

Na ce, "A'a. Ba ta sani ba. Ta ɗauka ba ka da mai taya ka jera kaya ne."

Hannunsa ya kama bayan kujera. Mma ta waiwayo da butar shayi a hannu ta ce me yake cewa, ko bai so a taɓa masa ne? Kafin in buɗe baki ya yi mata murmushi ya ɗaga mata babban yatsa. Sannan ya ce da ni, bai ko dube ni ba:

"To kada ka gaya mata. Tawa uwar ma haka take. Bar ta ta gama."

Da ya zage ni, da ya kore mu, da na samu abin riƙewa in ce ai tsohon ma ba shi da kirki. Sai ya tuɓe kwat ya shiga taya ta. Shi ke miƙo mata, yana nuna mata da yatsa: wannan a nan yake zama, wannan butar ta matarsa ce, wurinta kan taga. Ba mai jin yaren wani, amma aiki yana tafiya kamar sun shekara tare. Ta ce in daina tsayuwa kamar an dasa ni, in kwance na falo. Haka na durƙusa ina tsaga kwalayen da ni na sa aka ɗaure. Da muka zo kan hotuna ta ɗauki na aurensu ta daɗe tana kallo, ta ce matar kyakkyawa ce, Allah ya ba shi haƙuri. Ta sa na hau kujera ina mayar da kowane hoto kan ƙusarsa, shi yana ƙasa yana cewa dama kaɗan, hagu kaɗan. Ina saman kujerar ya ba ni labari, a hankali, kamar da bangon yake. Ya ce yana ango ya shigo gidan nan. A bakin tanderun ƙarfe ya yi aiki har ranar da aka kashe wutar. Da maƙwabta suka yi ta tafiya shi ya ƙi, don ya ce wata rana garin zai farfaɗo.

"Ga shi kuwa ya farfaɗo, na ji daɗi, samari za su samu aiki. Na daɗe ina jiran ranar. Ban dai san sai an haɗa da ɗakin kwanana ba."

Mma ta ce me ya ce. Na ce ya ce yana murna gari ya ci gaba.

Muka ci shinkafa da wake a farantan da ta jera. Shito ya sa shi gumi har ya sassauta nakatayi, yana gamawa ta ƙara masa, ya cinye. Da za mu tafi ta ɗaga hannu ta yi wa gidan addu'a mai tsawo, sannan ta ce:

"Gaya masa gidan nan gidansa ne. Gaya masa a gidanmu ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi. In yaron nan ya yi masa ba daidai ba, ya aiko mini Kumasi."

Na ce da shi, "Ta ce Allah ya ba ka lafiya."

Ya ce, "Ta faɗi fiye da haka."

Na ce e.

Ya ce, "Bar shi haka." Ya kama hannunta da nasa biyu ya yi godiya.

A bakin ƙofa, Mma ta yi gaba, na ce masa zan dawo ranar hutuna in taya shi sake ɗaurewa. Ya ce a'a, ya iya, ai ya taɓa yi.

Ya fita ranar da aka ce. Ejan ya gaya mini ya bar gidan a share tas, kuma council, wato hukumar gundumar, ta ba shi ɗaki a gidan tsofaffi a wani gari can ciki, nesa da teku. Aka saya da daraja, muka dawo Erdington, na koma tuƙi a Birmingham, ƙirjin Yusufu ya washe kafin shekara ta zagayo. Ba zan yi muku fuska biyu in ce da na sani da ban sayar ba. A gidan nan kuka yi karatu, a nan aka ɗaura auren Hadiza, ina son gidan. Amma da zan iya jira a sama masa wuri kusa da unguwarsa, da zan iya nemansa daga baya, ban yi ko ɗaya ba, kunya ta hana ni, har na ji ba ni da fuskar tambaya. Mma ta koma ta baza wa zango cewa ɗanta yana riƙe da tsohon Bature a Ingila. Duk wayar da muka yi sai ta ce yaya baƙonka, in ce yana lafiya, alhali ban san ko yana raye ba. Har ta koma ga Allah ban gaya mata ba.

Na bar muku hanyar dawowarmu ta ranar a ƙarshe, don ita ta fi yi mini nauyi. Mma tana gefena a mota, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa, tafin hannunta baƙi ƙirin da tawadar jarida, amma fuskarta fal farin ciki. Mun fara hawan tsaunuka ta ce:

"Da na ga kwalayen nan raina ya ɓaci, na ce Turai ta cinye mini ɗa. Amma da na ga ka hau kujera kana rataye masa hoton matarsa, wallahi babanka na gani."

Ta miƙo wannan baƙin hannun ta ɗora a kaina, ina tuƙi, ta ce Allah ya yi mini albarka, yadda na rufa wa tsohon nan asiri Allah ya ba ni gidan da ya fi wannan, ya ba ni 'ya'yan da za su riƙe ni. Ta zuba mini ido tana jira in amsa.

Na ce amin.